Ɗakin Girki: Karin Kumallon Gobe, Tun Yau Ake Haɗa Shi

   

A cikin wasiƙun da suka iso mini bayan fitowar da ta gabata, akwai guda ɗaya da ta tsaya mini a rai. Wata 'yar'uwa ce daga Hayin Banki, ta roƙi in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Tana da 'ya'ya 5, huɗu 'yan makaranta, ɗaya na goye. Maigidanta a Kakuri yake aiki, don haka ƙarfe 6 da rabi ya bar gida, saboda kafin ya hau gadar Kawo ya ratsa gari ya ƙetare kogi akwai tafiya. Ga abin da ta ce: "Anti, wallahi kullum safiya sai na yi kuka ko na sa wani kuka. Ina wanka wa wannan, wancan yana neman safa, ruwan shayi bai tafasa ba, mai keke yana ta hon a ƙofa. Daga ƙarshe sai in miƙa masu kuɗi in ce su sayi wani abu a makaranta. Malamar ajin ƙaramar ta aiko mini cewa yarinyar barci take yi kafin a fita tara. Shi kuma Baban yara ya daina tambayata abin kari, a wurin mai shayi yake sha. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Shin ni ce raguwa?"

A'a 'yar'uwa, ba ke ce raguwa ba. Zo mu ƙirga safiyar taki tare. A garin nan ana sallar asuba wajen ƙarfe 5 da wani abu, gwargwadon lokacin shekara. Daga sallame salla zuwa fitar maigida awa guda ce ko ƙasa da haka. Cikin wannan awa kike son ki yi azkar, ki tashi yara huɗu, ki yi wa biyu wanka, ki shayar da jariri, ki hura gawayi, ki aika niƙa, ki soya, ki zuba a kula. Ko hannuwa huɗu gare ki ba za su isa ba. Aikin awa 3 kike ƙoƙarin cusawa cikin awa 1, shi ya sa kullum kike ganin kamar kin gaza.

Abin da muka manta shi ne, iyayenmu da kakanninmu ba da safe suke yin abin kari ba, da safe suke ƙarasa shi. Na tashi a hannun kakata a Unguwar Shanu, gida ne mai mutum sama da 20, kuma ban taɓa ganin ta cikin gigita da safe ba. Geron koko tun shekaranjiya aka jiƙa shi, jiya aka markaɗa aka tace. Ƙullun waina dole ya kwana. Tuwon dare da gangan ake ƙara masa gari don a samu ɗumame. Kusan duk abin karin Bahaushe, in kika duba, abinci ne da ake fara shi tun jiya. Mu ne muka zo muka ɗauka cewa wayewa ita ce a fara komai daga farko bayan an idar da salla, sannan muna mamakin yadda lokaci ke guje mana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasu za su ce: ai sai a dafa da yawa a jera a firiza. Ni ma haka na ɗauka, har na ɗan riƙa yi wa ƙawayena burga da nawa. Jiki magayi. A watan Oktoba na 2024, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka samu matsala aka shafe fiye da mako guda cikin duhu, firizana cike yake. Akwai markaɗen kayan miya roba 6, akwai alale da na ƙuƙƙulla na sati biyu, akwai gasara, akwai sauran naman suna da aka aiko mana. Ranar farko na ce ai za su kawo. Rana ta biyu na fara aikawa neman ƙanƙara, ita ma ta yi tsada ta ɓace. A rana ta uku na tara maƙwabta muka soye abin da ke soyuwa, sauran kuwa bola ta ci. Kuɗin cefanen kusan wata guda ke nan. Maigida bai ce mini komai ba, amma shirun nasa ya fi faɗa ciwo.

Daga baya na ji masana suna cewa firiza da yake cike, in ba a buɗe shi ba, yakan riƙe sanyinsa kamar kwana 2, wanda yake rabi kuma kwana 1, firij kuwa awa 4 kacal. Wannan ma ba da zafin Maris da Afrilu na Kaduna aka auna ba. Tun daga ranar na sauya tsari. Firiza mataimaki ne, in da wuta alhamdulillahi. Amma ginshiƙin tanadina yanzu abin da ya bushe ne, ko ya soyu, ko ya yi tsami irin wanda ake so. Waɗannan ba ruwansu da an kawo ko an ɗauke.

Kafin in shiga bayanin yadda ake yi, bari in amsa wa wata uwa da ta taɓa ce mini a wurin walima, wai yawan tanadin nan rashin tawakkali ne, wanda ya ba ka yau shi zai ba ka gobe. Gaskiya ne shi zai bayar. Amma mun karanta a Suratu Yusuf yadda Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar shawara su adana hatsin shekaru 7 na yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari da ke tafe. Ya kuma tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara guda. To wace ce ni da zan ce na fi su dogaro ga Allah don na ƙi jiƙa gero?

Mu fara da gasara, don ita ce uwa. Ki samu gero mudu 2, ki rege shi tas, ki jiƙa ya kwana. Washegari ki wanke, ki sa citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, a markaɗo miki da laushi. Ki tace da ƙyallen tata, ki bari ta kwanta. Har nan kowa ta sani. Inda muke bambanta shi ne abin da ke biyo baya. In za ki bar ta da ruwa a bokiti, to kullum ki tsiyaye ruwan sama ki zuba sabo, za ta kai miki kwana 3 ko 4 kafin tsamin ya wuce misali. In kuwa kina son ta wata guda ko fiye, ki juye ta a buhu mai tsabta, ki ɗaure, ki ɗora dutse ko turmi ta kwana tana tsanewa. Da safe ki marmasa ta a faranti mai faɗi, ki baza ta siriri, ki rufa mata ƙyalle marar kauri saboda ƙura da ƙuda, ki shanya. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kwana 2 ta bushe ƙarau. Sai ki daka ko a niƙa miki, ki tankaɗe, ki zuba a roba mai murfi. Ranar da kike so, ludayi 3 ko 4 za ki dama da ruwan sanyi, ki bar shi minti 10 ya jiƙu, ki sheƙa tafasasshen ruwa. In kina son tsamin koko sosai, ki dama tun dare ki rufe.

Da damina kam ban ba ki shawarar shanya mai yawa ba. Ruwan Kaduna ba ya sallama, kuma gasarar da ta kwana biyu ba ta bushe ba sai ta fara fumfuna. In kin ga baƙi-baƙi ko kore a jiki, ko kin ji warin ruma, kada ki ce za ki kankare sama ki yi amfani da ƙasa, ki zubar. Shi ya sa nake yin ta damina tun cikin Maris. Af, citta ma haka. Waɗanda suka saya suka ajiye busasshiya kafin cutar da ta faɗa wa gonakin citta a kudancin jihar nan a 2023 sun san abin da suka tsira da shi, don bayan nan sai da ɗan ƙulli ya koma kamar na zinariya.

Kunun gyaɗa ya fi kowanne sauƙin tanadi, kuma shi na fi ba yarinyar nan mai barci a aji, domin yana riƙe ciki fiye da shayi da burodi. Ki zaɓi gyaɗa, ki tsince duk wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko take ɗaci. Wannan tsincewar ba ƙyale-ƙyale ba ce, ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara suna ɗauke da wata guba ta fumfuna da ke lahanta hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Ki soya sama-sama, ki murje, ki fece ɓawon, a niƙa miki ita ba ruwa, kamar za a yi ƙuli. Wannan niƙaƙƙiyar gyaɗa takan yi makonni a kwalba muddin ba ki sa mata jiƙaƙƙen cokali ba. A gefe guda ki wanke shinkafar tuwo, ki shanya, a niƙa miki gari. Da dare ki jiƙa tsamiya a kofi. Da safe ki dama gyaɗar da ruwa ki tace, in ta tafasa ki zuba damammen garin shinkafa kina juyawa, ki sauke, sannan ki sa ruwan tsamiya da sukari. Minti 15 ya ishe ki, har da zubawa a fulas.

Sai ƙosai, wanda shi ne ke cinye safiyar mata da yawa. Wahalarsa ba suyar ba ce, surfe ne da jiran mai inji. To ki raba shi da waɗannan biyun. Ki kai wake mudu 3 ko 4 inji a ɓarza miki shi a bushe, ki dawo ki sheƙe, ɓawo da hanci duk su fita. Wannan ɓarzajjen wake ki ajiye rabi haka nan, don ranar Asabar ko Lahadi da kike da sarari ki jiƙa ki kai markaɗe. Ɗaya rabin a niƙa miki gari, amma ki ce wa mai injin kada ya yi laushi lilis kamar fulawa, ya bar shi da ɗan tsaki-tsaki. Ga sirrin da ya sa wasu ke cewa ƙosan gari ba ya tashi: suna kwaɓawa su jefa a mai nan take. Ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi da zarar kin tashi, kafin ki yi alwala. Ki je ki yi sallarki. In kin dawo ya sha ruwa ya kumbura, sai ki sa jajjagen attaruhu da albasa, ki buga shi sosai da muciya ko ludayi har ya yi fari ya yi sauƙi a hannu, gishiri kuma sai dab da suya. Ba zan yi miki ƙarya in ce daidai yake da na mai ƙosan bakin layi ba, amma yara ba su taɓa rage mini ko ɗaya ba. Abin da ba na so ki yi shi ne ki markaɗa wake da yamma ki bar ƙullun ya kwana a waje. Ƙullun wake ba irin na waina ba ne, in ya kwana cikin zafi lalacewa yake yi.

Tunda muna kan wake, akwai maganar da ba zan tsallake ba. Duk mai sayen wake da yawa tana tsoron ƙwari, kuma tsoron nan ne ke sa wasu, 'yan kasuwa da matan gida, su yayyafa masa maganin ƙwari irin na feshin gona ko na kashe sauro. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan irin wannan magani da aka samu a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi ci, shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Ƙwaron wake iska yake shaƙa kamar kowa. Ki shanya waken ya bushe sosai, ki cika jarka mai tsabta da shi har wuya, ki toshe murfin da leda ki ɗaure tam, kada ki riƙa buɗewa kullum. In buhu ne, akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ana samun sa wurin masu sayar da kayan noma. In kuma kin sayo wake kin ji yana warin magani, ki mayar.

Garin ɗanwake ba sai na tsaya dogon bayani ba, kowace uwargida tana da haɗinta. Ni dai wake mudu 1, alabo mudu 1, sai kuka a haɗa a niƙa tare. Ki jiƙa kanwa tun dare. In kina da soyayyen mai da yaji a ajiye, to kafin yara su gama sa kayan makaranta kin tsame. Waina kuwa ita da kanta take tilasta miki shiri, tunda ƙullunta sai ya kwana. Abu ɗaya kawai: da bazara ki rage yis, ki kuma haɗa ƙullun bayan isha maimakon la'asar, in ba haka ba ki tashi ki tarar ya yi ambaliya ya yi tsamin da kanwa ma ba za ta gyara ba. Ni ranar Lahadi nake yin ta, don tanda ba ta son gaggawa.

Yanzu ɗumame. A nan zan daɗe kaɗan, domin a nan ne tanadi ke iya komawa asibiti. Ina son ɗumame, maigidana ma in an ba shi zaɓi tsakanin ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka da wainar ƙwai, ba ya ko kallon ƙwan. Amma akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana tare da kula, wadda kakanninmu ba su san ta ba. Sai a zuba shinkafa ko tuwon shinkafa da zafinsa a kula ƙarfe 7 na yamma, a ci rabi, a rufe sauran, da safe a taɓa a ji da ɗan ɗumi, a ce ai bai ma huce ba, a zuba wa yara su tafi da shi makaranta, su ci ƙarfe 10. Wannan ɗumi-ɗumin shi ne ainihin yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ko dai ya zauna da sanyi ƙasa da digiri 5, ko da zafi sama da digiri 60. Kula ba ta iya riƙe wannan zafi har asuba. Shinkafa kuma tana da wata ƙwayar cuta ta musamman wadda dafuwa ba ta kashe irinta, in ta samu ɗumi sai ta yaɗu ta zuba guba, kuma gubar ko an sake ɗumamawa tana nan. Na taɓa kwana a asibiti da ɗana na biyu yana amai saboda dafa-dukan da ta kwana a kula, ina ta zargin ruwan makaranta, sai da likita ta tambaye ni me ya ci da safe.

Don haka ga yadda nake yi yanzu. In da wuta, da an gama cin abincin dare nake kwashe sauran daga kula, in baza shi ya huce da wuri, in sa a firij. In babu wuta, ba na barin shinkafa ta kwana, gara in auna daidai cikinmu, in ta ragu a ba almajiri tun da dare tana da kyaunta, ba sai ta fara yauƙi a ce sadaka ba. Tuwon dawa ko na masara nakan bari da hunturu, a buɗaɗɗen wuri mai iska an rufa masa faifai, da safe kuma a yanka shi ƙanana a tafasa shi sosai har cikinsa. Miya ki tafasa ta kafin ki kwanta, ki rufe, kada kowa ya ƙara sa mata ludayi, da safe ki sake tafasawa har ta yi ɓul-ɓul. Da bazara, ko wannan ba na yarda da shi ga ƙananan yara da mai ciki.

Abin da ke cin lokaci a abincin rana da na dare kuma kayan miya ne, don haka su ma a yi masu dabara. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani ke sauka Bakin Dogo daga su Ikara da Kadawa, kwando yakan yi araha. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa sai mai hali. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, ba sa buƙatar a tuna masu. Ku haɗu ku uku ko huɗu a layinku ku sayi kwando ku raba. Rabi ki yanka ki shanya kauɗa da hannunki a kan tabarma mai tsabta, ba irin ta bakin titi mai yashi ba. Rabi ki markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa, ki tafasa har ruwan ya ƙone ƙurmus, ki soya da mai sosai har man ya taso ya rufe sama. Wannan soyayyen kayan miya yakan yi kwanaki ko ba firij, in kina ɗumama shi kullum kuma kina ɗiba da busasshen cokali. Da shi za ki yi miyar ƙwai ta cin doya da safe, da shi za ki yi jalof da rana, da shi za ki tada miyar taushe. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa da yaji kuwa, duk gidan da babu su a roba a jere, to uwargida ba ta fara ba tukuna.

Duk wannan ba zai yiwu ba in kuɗin cefane kullum-kullum ake ba ki da safe a bakin ƙofa. Wannan ita ce maganar da za ki yi da maigida, kuma ki zaɓi lokacinta, ba yana ɗaura takalmi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane magidanci a matse yake, in kika ce masa ya ƙara kuɗi zai ji kamar kin ɗora masa dutse. To kada ki ce ya ƙara. Ki ɗauki takarda ki rubuta abin da yake kashewa a mako: kuɗin da ake miƙa wa yara huɗu kullum, kuɗin shayinsa da burodi da ƙwai a waje, kuɗin ƙulle-ƙullen gari da mai da ake saye a shago. Ki nuna masa jimla, sannan ki ce, "Baban yara, in ka haɗa mini na busassun kaya a dunƙule sau ɗaya a wata, na ɗanye kuma duk mako, ina ganin za mu rage." Maza suna jin lissafi fiye da ƙorafi. In ya amince, gero da wake da gyaɗa ki saye su ranar Talata a kasuwar Kawo tunda kusa take da ke, ba sai kin shiga kasuwar Sheikh Gumi ba. In kuma samunsa na yau da gobe ne, kamar yadda yake a gidaje da yawa, to ki riƙa cire mudu guda a duk ranar da aka samu sarari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A bayan wannan takardar ki rubuta abin da za a ci na kwana 7, ki manna a bayan ƙofar kicin. Ba don ado ba, don ki huta da tambayar nan ta "yau me za a dafa?" wadda ita kanta gajiya ce. Nawa ba shi da wani ƙawa: ranakun makaranta ana juya koko da ƙosai, kunun gyaɗa da burodi, ɗanwake, sai doya ko dankali da na fere tun dare na bar su cikin ruwa. Asabar ɗumame kafin a tafi Islamiyya, Lahadi waina. Sau da yawa ana saɓa shi, baƙi su zo, ko gas ya ƙare, ba komai. Amfaninsa shi ne da dare in na kalle shi na san abin da zan jiƙa.

Masu abokiyar zama za su ce, to ni da kwana biyu-biyu muke girki fa? Na ga gidan da kowacce take kulle garinta a ɗaki, na kuma ga gida a Badarawa da matan suka mayar da gasara da garin ɗanwake na gida gaba ɗaya, suna haɗuwa su yi ranar Asabar ɗin farkon wata, wadda ke da girki ta ɗiba. Ba zan ce dole ki yi haka ba, kowa ta san zamanta. Amma yaran da ke tafiya makaranta da yunwa ranar girkin wata, 'ya'yan mutum ɗaya ne.

Saura minti 20 na bayan isha, waɗanda su ne ke ɗaure komai. Kafin ki zauna kallo ko ki ɗauki waya, ki shiga kicin. Ki jiƙa abin jiƙawa, tsamiya ce ko kanwa. Ki jajjaga attaruhu. Ki tafasa ruwa ki cika fulas babba, da safe minti 2 zai sake tafasa maimakon 15. Ki jera gawayi a kurfoti ko ki duba gas, ki ajiye ashana inda hannu zai kai cikin duhu. Ki wanke kulolin yara ki kife. Kuma ba ke kaɗai ba. Yaro ɗan shekara 8 zai iya cika gorunan ruwa, ya jera takalma da safa a bakin ƙofa. 'Yar shekara 12 za ta iya dama koko. Har da mazan, don Allah. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, to ban ga dalilin da zai sa ɗanki ya girma bai san inda ludayi yake ba, ya je ya zame wa 'yar wani kaya.

'Yar'uwata ta Hayin Banki, kada ki ce za ki fara duka a mako guda, ga goyo. Wannan Asabar ki yi niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin shinkafa kawai. Ranar Litinin ki dama kunu, ki zuba wa Baban yara nasa a ƙaramin fulas ki ajiye kusa da makullin mashin ɗinsa ko jakarsa, kada ki ce masa komai game da mai shayi. Asabar ta sama ki ƙara garin ƙosai. Yarinyar kuma, in ta yi sati biyu tana karyawa sosai amma barcin aji bai daina ba, ki duba lokacin kwanciyarta, sannan ki kai ta asibiti a auna jininta, don ƙarancin jini ma yana sa haka. Ki rubuto mini yadda aka yi.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da ya kamata a zuba wa yaro a kular makaranta wanda zai kai ƙarfe 10 bai lalace ba. Masu tambaya a kan yaye kuma na ga saƙonninku, ku ƙara mini haƙuri.